Wane parabol ne zai kawo tashoshin Sifaniyanci a Yamai?

Baban Yara, Yantala

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin parabol. Yara biyu a gidana suna koyon Sifaniyanci, kuma malaminsu ya ce kunnensu ba zai buɗe ba sai suna jin yaren kullum daga bakin masu shi. Ina son tashar labarai da ta shirye-shirye, in da hali har da ta yara.

Abin da ke gida yanzu: parabol mai santimita 90 da ke kallon Nilesat, tsohuwar dekoda wadda ba ta buɗe HD, da tele mai ramin HDMI. Wani mai shago ya ce in sayi parabol mai santimita 120 a juya shi wajen Hispasat, digiri 30 yamma, wai can tashoshin Sifen suke. Wani kuma ya ce in raba kaina da wahala in sayi dekoda mai “sabar” wadda ke buɗe komai. Gidan na bulo ne mai rufin kwano, akwai fili a tsakar gida, sai dai akwai babban icen dogon yaro ta gefen yamma. Me zan saya, me zan bari?

Mai Parabol, Wadata

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka fitar da ko dala tukuna.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce Hispasat na ƴan Sifen ne. Kuma daga Yamai mazauninsa a sama ba ɓoyayye ba ne: tsayinsa kusan digiri 50 daga ƙasa, kamfas yana nuna wajen 250, wato yamma da ɗan karkata kudu. Abin da bai faɗa maka ba shi ne tauraron ɗan'adam ba ya watsa sinyal ko'ina daidai. Kamar tocila yake, kana iya hango mai riƙe da ita daga nesa, amma in ba wajenka ya haska ba kana cikin duhu. Hasken Hispasat ɗaya yana sauka a Sifen da Fotugal da tsibiran Kanari da sauran Turai zuwa bakin arewacin Afirka, ɗayan kuma yana sauka a nahiyar Amurka. Mu muna kudu da inda layukan taswirarsa suka ƙare. Haka abin yake da Astra na digiri 19.2 gabas, inda kamfanin Movistar Plus+ yake, haka da Hotbird na digiri 13 gabas. Duk don Turai da maƙwabtanta aka saita su.

Ko da sinyal ɗin ya iso ma, manyan tashoshin cikin gida na Sifen, irin su La 1 da La 2 da Antena 3 da Telecinco, a kulle suke a tauraro. Mazauna ƙasar ake buɗe wa.

Don haka ka fara da sunan tasha, kaya su biyo baya. Tashoshin da aka yi don ƴan waje su ne abin nema: TVE Internacional da Canal 24 Horas na gidan talabijin ɗin gwamnatin Sifen, TVGE ta Gini Ikwatoriya, Cubavisión Internacional ta Kuba, teleSUR daga Karakas, CGTN Español ta Sin, DW Español ta Jamus. Ka shiga shafin LyngSat ka nemi kowace da sunanta. Zai nuna maka taurarin da take kai, frekans ɗinta, a buɗe take ko a kulle, da sunan hasken da ke ɗauke da ita. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke cinye musu kuɗi. Ka ɗauki sunan hasken ka buɗe taswirarsa a shafin SatBeams, ka danna kan Yamai. In ba ta ba ka lamba ba, ka share wannan tauraron daga lissafinka. In ta ba ka, lambar da dBW take zuwa, wato ma'aunin ƙarfin sinyal da desibel, kuma ita ke faɗin girman parabol. A bangaren Ku, wanda ƙananan parabol ke kamawa, 50 na son kimanin santimita 60, 46 na son 90, 43 na son 120, 40 na son 180. Ka lura da yadda abin ke tafiya: in ka ninka faɗin parabol, desibel 6 kawai ka ƙaru. Shi ya sa wanda ke wajen taswira ba ya tsira da ƙarin santimita 30. Kuma duk abin da lissafi ya ba ka, ka hau mataki ɗaya saboda ruwan Agusta.

Hanyar da ta fi sauƙi a nan ita ce ta masu abonoma, domin haskensu kanmu aka saita shi. Canal+ yana kan SES-4, digiri 22 yamma, StarTimes yana kan SES-5, digiri 5 gabas, DStv kuma kan Eutelsat na digiri 36 gabas. Jerin tashoshinsu yana canzawa, don haka kada ka yarda da takardar talla. Ka sa mai shagon ya kunna tele a gabanka, ya gangara sashen tashoshin ƙasashen waje, ya nuna maka tashar tana magana da Sifaniyanci, sannan ya faɗa maka a wane matakin abonoma take. Tasha ɗaya na iya tilasta maka hawa mataki mai tsada, ka san da wannan kafin ka biya.

Hanya ta biyu babban parabol ne na bangaren C, ta uku kuma intanet. Akwai waɗanda suka fi ni sanin su a nan.

Dekoda mai “sabar” kuwa, makullin satar tashoshi take karɓowa ta intanet. Makulli ba ya kawo sinyal. In hasken bai sauka a tsakar gidanka ba, babu abin da za ta buɗe. In ma ta buɗe wani abu, ranar da masu tashar suka canza kulle ta mutu, ba kuma wanda za ka riƙe. Ga shi haƙƙin mutane ne. Ban ba ka shawararta ba.

Baban Yara, Yantala

Allah ya saka da alheri Malam, ka tsamo ni. To shi bangaren C ɗin, parabol ɗina na santimita 90 ba zai yi ba ko da an canza masa kai? Sannan yaran suna son ƙwallon Sifen, na ɗauka in an samu wannan an samu yaren ke nan. Dekodar kuma wace iri zan nema, tunda tawa ta tsufa?

Injiniya, Tawa

Alhaji, santimita 90 ba zai yi ba. Bangaren Ku yana aiki tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, shi kuwa C yana can ƙasa, tsakanin 3.4 da 4.2. Igiyar sinyal ɗin C ta ninka ta Ku tsawo sau uku, kuma ƙarfinsa ya fi rauni domin an shimfiɗa shi a kan babban yanki na duniya. Wannan shimfiɗar ita ce amfaninsa gare mu: tashoshin da ake aikawa tsakanin nahiyoyi ta nan suke bi, kuma ruwan sama ba ya kashe shi yadda yake kashe Ku. Kuɗin da ake biya shi ne girma. Santimita 180 ne farkon magana, 240 ne inda hankali ke kwanciya.

Taurarin da suka cancanci a duba taswirarsu su ne na saman Tekun Atilantika: Intelsat 37e a digiri 18 yamma, Intelsat 35e a 34.5, SES-6 a 40.5, Intelsat 21 a 58. Daga Yamai na 34.5 yana tsayin digiri 45, na 40.5 yana 39, na 58 ya gangara zuwa 21. A nan Tawa ka rage kusan digiri 3 zuwa 4, tunda mun fi ku gabas. Dokar da ɗan uwana na Wadata ya faɗa tana nan daram: kowannensu yana da haske fiye da ɗaya, kuma tasha na iya zama a hasken da ke kallon Amurka kawai. Tasha da tasha ake dubawa.

In taswira ta yarda, ga abin da aikin ke buƙata.

Kan parabol, wato LNB da muke ce wa tet, na C daban ne, babba ne, yana zuwa da zobensa mai kama da faifai. A cikin dekoda lambarsa 5150 ce. Na Ku kuwa 9750 da 10600 ne. Rabin waɗanda ke cewa “ba sinyal” lambar nan ce ba su canza ba. Wasu taurarin, SES-6 na cikinsu, sinyal ɗinsu na C murɗaɗɗe ne, dama ko hagu, za ka ga an rubuta R ko L maimakon H ko V, wato sinyal na kwance ko na tsaye. Irin wannan sai an zura ƴar farar roba mai faɗi da ke zuwa a kwalin tet ɗin cikin maƙogwaronsa, a karkace tsakanin allurai biyu da ke ciki. In ba a sa ta ba, rabin ƙarfin ya tafi, kuma dama da hagu su cakuɗe. Masu haɗawa da yawa suna jefar da ita tare da kwalin.

Nisan tet daga tsakiyar parabol ba da ido ake sa shi ba. Ka auna faɗin parabol, ka ninka shi da kansa, ka raba da zurfinsa sau 16. Mai faɗin 240 da zurfin 40: 57600 a raba da 640, ya ba da santimita 90. Kafin a ɗaga shi kuma, a ɗaura zare biyu a bakinsa su gitta juna. In suka taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, parabol ɗin lafiya lau. In akwai tazara tsakaninsu ya murguɗe, kuma murguɗaɗɗen 240 bai fi lafiyayyen 180 ba. Wannan gwajin ya zama dole ga wanda zai sayi na hannu, ko mai yanka shida ko takwas da ake haɗawa da kusoshi. Kusoshin ma kada a ɗaure su tamau sai an gama jera yankunan duka.

Na raga ko na ƙarfe sumul? A ƙasarmu, ga C, ni na raga na fi so, domin iskar da ke zuwa gaban hadari tana ratsa shi. Mai sumul na santimita 240 ya haura murabba'in mita 4, iska tana kama shi duka. Amma in kana son wata rana ka ɗora masa tet na Ku, sai ramukan ragar sun kasance ƙanana sosai.

Kada a ɗora shi a kan rufin kwano, kada a kafe shi a katangar bulo. A ƙasa ake dasa shi. Rami santimita 80 kowane gefe, zurfin 80 zuwa mita 1, ya fi haka in wurin rairayi ne. Tiyon ƙarfe mai kauri, faɗinsa daidai da abin da mariƙin parabol ɗin ke karɓa, yawanci milimita 76 ko sama. Mai walda ya gitta masa guntayen rodi biyu a gindi don kada ya juya cikin kankare. Kwaɓi: siminti 1, rairayi 2, tsakuwa 3. A sa ma'aunin magina a gefe biyu na tiyon kafin kwaɓin ya kama, a riƙa ba shi ruwa, a bar shi kwana 7 kafin a ɗora nauyi. Tiyon da ya karkace tun a rami, kullum sai ya dawo da kai wajensa.

Inda na ɗan bambanta da ɗan uwana: ya ce a share tauraron da taswira ba ta ba da lamba ba. Ga mai sayen kaya haka ne. Amma sinyal ba ya yankewa cak a kan layi, yana ɗan zuba waje, kuma mai haɗawa da ke da babban parabol a shagonsa ba ya asarar komai in ya gwada. Sai dai abin da aka kama a gefe haka yakan zo da dare ya ɓace da rana. Ba a gina karatun yara a kansa.

Malamar Sifaniyanci, Plato

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaran albarka. Zan amsa ta gefen ƙwallo da abin da ya kamata su ji.

Ƙwallon Sifen da ake nunawa a nan ba zai ba su yaren ba. Kamfanonin da suka sayi izinin nuna LaLiga a yankinmu da masu sharhinsu suke zuwa, Canal+ da Faransanci, SuperSport da Ingilishi. Haka finafinai masu dogon zango na Meziko da Kolombiya: a tasha irin Novelas TV an ɗora musu muryar Faransanci. Yaro zai ga bakin ɗan wasa yana motsi da Sifaniyanci, kunnensa kuwa Faransanci yake ji. A telekomand akwai maɓallin zaɓen murya. Wasu tashoshin suna aiko murya biyu, ta fassara da ta asali. Ku danna shi a shagon ku gani, ku danna na rubutun ƙasan allo ma, domin yaron da ke ji yana karantawa a lokaci guda ya fi saurin kama kalma.

Ga mai koyo, labarai sun fi komai. Masu karanta su suna furta kalma cikakkiya, hoto yana taimakawa, kuma labari ɗaya yana dawowa sau da yawa a yini. Babban labarun TVE, Telediario, ƙarfe 3 na rana da 9 na dare yake fita a agogon Madrid. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne. Sauran watanni suna gabanmu da awa 1, wato 2 na rana da 8 na dare a nan. Canal 24 Horas kuwa, tun 1997 labarai take yi dare da rana.

Su san kuma cewa za su ji furuci iri biyu. Mutumin Madrid yana sa harshe tsakanin haƙora wajen faɗin z da c mai zuwa kafin e ko i, ɗan Kuba ko Benezuwela yana faɗinsu kamar s, kuma ba ya amfani da vosotros, kalmar da ƴan Sifen ke cewa “ku” da ita. Duka daidai ne. Amma a shekarar farko gara su lazimci wanda malaminsu ke koyarwa da shi, kada kunne ya rabu biyu.

Gaskiyar da zan faɗa, ko da masu parabol ba za su so ta ba: in karatu ne manufar, intanet ya fi kusa. DW Español tana watsa shirinta kai tsaye a YouTube, sashen labarai na RTVE ma yana can, akwai kuma manhajar RTVE Play, duk da cewa wasu shirye-shiryenta a rufe suke ga wanda ke wajen Sifen. Tashar yara ta RTVE sunanta Clan. Tunda telenka na da HDMI, ƙaramin akwatin Android ya isa. Abin lura shi ne cin kuɗin intanet: a ƙaramin hoto na 480 awa guda tana cin wajen rabin giga ko ɗan sama, a 720 ta haura giga 1. Ga mai koyon yare sauti ne abin nema, 360 ma ya wadatar. A shiga saitin a ƙayyade shi da hannu, in ba haka ba manhajar da kanta za ta haye babban hoto ta shanye kuɗin wata cikin mako.

Inda parabol ya fi shi ne tasha a buɗe ba ta da kuɗin wata, ana iya barinta tana magana a falo duk yamma. Wannan jin na yau da kullum yana aiki ƙwarai.

Mai Gyaran Tele, Katako

Alhaji, kan dekoda. Ka duba bayan kwali ka ga abu huɗu a rubuce: DVB-S2, H.264, H.265 wanda kuma ake rubutawa HEVC, da DiSEqC. Taka tsohuwa DVB-S da MPEG-2 kawai ta sani, shi ya sa take kawo sunan tasha allo kuma baƙi, ko murya ba hoto. H.265 ɗin kada ka bari a ce maka ba shi da amfani, sababbin tashoshi can suke komawa. Ka shiga menu tun a shago ka tabbata tana bari a rubuta lambar tet da hannu, 5150 na ciki, kuma tana da bincike na makaho, wanda ke lalubo frekans da kansa ba tare da jerin da aka zuba mata a masana'anta ba. Jerin masana'anta ya tsufa tun kafin kwalin ya iso Yamai. In abonoma ka zaɓa, dekodar kamfanin ce dole, ita ba ta shiga wannan lissafin.

Parabol ɗinka na Nilesat ka bar shi inda yake. Ƙaramin akwatin DiSEqC mai ƙofa 4 zai haɗa shi da sabon a waya ɗaya, a menu ka ce ƙofa ta 1 Nilesat, ta 2 sabon. Akwatin nan ba ya son a taɓa shi da wuta a jiki. Dekoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa tet, ko tana a kashe da telekomand wasu ba sa yankewa. A zare ta daga bango kafin a kwance ko a ɗaura kowace waya. Yawancin waɗanda ake kawo mana sun ƙone, silin waya ɗaya ne ya taɓa tsakiya lokacin ɗauri.

Waya RG6 ce, mai om 75. A kasuwa akwai mai zuciyar jan ƙarfe zalla, akwai ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka tafi da maganaɗisu: in ya kama zuciyar wayar, shafe ce. A gajeren nisa tana aiki, amma in ta kai mita 30 ko 40 wutar da ke zuwa tet tana raguwa, 18 ta faɗo, sai ka ga tashoshin H sun ɓace na V suna nan. Duk wanda ya ga wannan alamar ya fara zargin waya kafin tet. Ka feɗe bakinta kuma ka ga ragar ciki, in silin tsiraru ne ka bar ta. Wadda za ta zauna a rana baƙa ta fi, farar tana farfashewa bayan bazara biyu ko uku. A bi da ita cikin tiyon roba in za ta ratsa tsakar gida. Bakin da ke shiga tet a naɗe shi da kyau, a sa wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga waje. Ruwan da ya shiga waya yana baƙanta ragar, sinyal ya riƙa raguwa a hankali har a ɗauka parabol ne ya goce.

Wuta: abin da ke kashe dekoda shi ne dawowar kuran da ƙarfi bayan ɗaukewa, da zafi. Ka sa mata abin daidaita wuta mai jinkirin kunnawa. Kada a ɗora ta a kan tele ko a rufe ta da kyalle saboda ƙura; a watan Afrilu da Mayu ɗaki kansa ya isa zafi. Wadda ke da caja a waje mai bolt 12 ta fi mini, domin in wuta ta yi ɓarna cajar kawai za a canza, kuma tana hawa batirin sola kai tsaye. Babban parabol a ja masa waya mai kauri zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. In hadari mai tsawa ya taso, a zare wayar parabol da ta bango duka.

Mai Parabol, Wadata

Na yarda da gyaran Injiniya, gwaji ba ya ɓata komai in ba kuɗinka ke ciki ba. Shi ya sa, Alhaji, duk wanda zai yi maka aikin ku yi sharaɗi: ya zo da na'urar auna sinyal mai allo, ya nuna maka tashar da ka ambata tana magana a tsakar gidanka, sannan a yi cinikin kaya. A allon akwai layi biyu. Na ƙarfi yana nuna cewa waya da tet suna raye ne kawai, yana iya kai 80 parabol na kallon katanga. Na kalite, wato ingancin sinyal, shi ke nuna an kama tauraron. A gwada da rana tsaka, a sake gwadawa da dare.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba, murɗa tet na Ku. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya murɗinmu babba ne. Ga SES-4 daga Yamai kusan digiri 60 ne, ga digiri 30 yamma ya kai 66. Wanda ya bar tet a miƙe yadda ake gani a hotunan Turai, H za ta koma masa kusan V, ya wuni yana juya parabol a banza. A tsaya bayan parabol ana fuskantar tauraron, a murɗa tet ta hannun agogo a hankali ana kallon kalite. SES-4 kansa tsayinsa digiri 58 ne, kamfas 242. Ƙaramin parabol mai hannu a ƙasa yana karɓar sinyal daga sama da inda fuskarsa ke kallo da digiri ashirin da wani abu, kada wannan ya ruɗe ka. Kamfas kuma a nisanta shi da rufin kwano da tiyo, ƙarfe yana jan allurarsa.

A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba rana tana bi ta bayan taurarin. Hoto zai ɗauke na ƴan mintoci, da yamma ga na yamma, kwanaki kaɗan a jere. Kada a taɓa komai, da kansa yake dawowa.

Sai icen dogon yaron naka, tunda taurarin yamma da muka ambata ta gefensa suke. Ganye yana tare sinyal, jiƙaƙƙe ya fi tarewa. Ka ƙiyasta tsawon da icen ya ɗara parabol da shi. In mita 10 ne, ga tauraro mai tsayin digiri 58 ka ja baya mita 7 daga gindinsa, ga mai 39 mita 13, ga mai 21 kuwa sai mita 26, abin da yawancin gidajen Yantala ba su da shi. Ka ƙara mita 2 a kan kowane, domin rassan suna faɗaɗa duk damina. Ka auna filin ka faɗa mana nawa ne daga gindin icen zuwa katangar gabas, da sunayen tashoshin da ka samu a LyngSat, sai mu ga wanne zai shiga.